Ciyawar Roba a Tsakar Gida: Shawarwari Ga Mai Tunanin Sayar da Gidansa Wata Rana

Koren kafet ɗin nan mai kama da ciyawa, wanda masu shago ke auna wa mutum da mita, ya daɗe da barin filin ƙwallo ya shigo cikin gari. A Azare ana ganinsa a wuraren taron biki, da shagunan masu ɗaukar hoto, da harabar makarantun kuɗi na ƙananan yara. Daga nan sha'awarsa ta tsallako gidaje, har ta iso ga magidanci a Yana, wanda rijiyarsa ke ja da baya tun watan Maris, yana duba hoton wani gida a waya yana raya cewa shi ma tsakar gidansa za ta yi kore shar ba tare da ban ruwa ba. Sha'awa ba laifi ba ce. Sai dai gida dukiya ce, ita kuwa dukiya tana da ranar fita kasuwa, ko don canjin wurin aiki, ko bashi, ko rabon gado, ko kuma mutum ya samu wanda ya fi. A ranar nan, wanda zai zagaya gidan tare da dillali ba da idon maigida zai duba ba.

Abin da nake gani shi ne, 'yar kaɗan a gefe, a inuwa, wadda za a iya naɗewa, ba ta korar kowa. Wadda aka malale tsakar gida da ita baki ɗaya aka manne da gam kuwa, ba ta ƙara wa gida ko sisi, kuma sau da yawa ita ce hujjar da mai saye zai riƙe ya rage tayi.

1. Fara da sanin wanda zai sayi gidan.

Yana hedikwatar ƙaramar hukumar Shira ce, kuma masu sayen gida a cikinta sanannu ne: ma'aikacin sakatariya da ya karɓi kuɗin sallama, malamin makaranta, ɗan kasuwar hatsi ko dabbobi, manomin da riɗi ko shinkafa suka yi wa kyau bana, sai ɗan gari da ke aiki a Bauchi ko Kano ko Abuja yana neman inda zai sauke iyali da Sallah. In ka cire na ƙarshen nan, duk sauran gidan zama suke nema, mai mata da yara da baƙi da 'yan dabbobi. Irin wannan mai saye da ƙafarsa zai auna tsakar gida, yana lissafin inda zai ƙara ɗaki in ɗa ya isa aure ko shi kansa ya ƙaro amarya. A wurinsa fili mai ɗaukar ɗaki biyu ya fi duk wani ado.

Azare ta ɗan bambanta. Akwai babban asibitin tarayya, da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021, da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga kuma Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau ba nisa. Waɗannan suna kawo likitoci da malaman jami'a, da yawansu baƙi ne masu ƙaramin iyali, da gas suke girki, ba su da turmi ba su da akuya. Irin wannan zai iya ganin ɗan koren lungu ya yi murmushi. Amma shi haya ya fi nema, kuma tambayarsa ta farko ruwa ce, ta biyu wuta.

A Ingila ma ana muhawara kan wannan ciyawa, har masu shirya baje kolin furanni na Chelsea a Landan suka hana shigo da ciyawar roba tun 2022. Su damuwarsu tsuntsaye da ƙudan zuma da lafiyar ƙasa. Mu namu dalilan sun fi kusa da tukunya.

2. Kada ka yanke shawarar kai kaɗai, maigida. Tsakar gida ta uwargida ce.

Kai da safe kake fita, sai dare ka dawo ka ga kore a hasken fitila ka ji daɗi. Ita ce ke wuni a ciki. Zauna da ita ku lissafa abin da ake yi a wurin daga asuba zuwa isha: hura wuta, wanke-wanke, wanki da shanya, daka, tankaɗe, sheƙa, gyaran wake, wankan yara, kitso. Da kaka a baza gero da dawa su sha iska, a shanya kuɓewa da tattasai da barkono da ganyen kuka. In haihuwa ta zo a kafa manyan tukwane a kan duwatsun murhu, a dafa ruwan wankan jego kwana arba'in. In biki ne mata su cika gidan da tabarmi, yara na zubar da kunu da miya. Babbar Sallah kuma rago ya kwana biyu ɗaure kafin a yanka shi, a yi fiɗa, a yi suya har dare.

Ɗauki waɗannan ɗaya bayan ɗaya ka ɗora su a kan roba. Turmi yana son ƙasa mai tauri, in an kafa shi a kan kafet sai ya riƙa rawa, gindinsa ya bar tabon da gashin ciyawar ba zai sake miƙewa ba. Geron da ya zube ba ya tsintuwa, yana nutsewa, kaji su bi shi da tono, ɓeraye su biyo baya da dare. Manja da man gyaɗa in sun zuba sun zauna, ƙura ta bi ta kansu su zama baƙin tabo. Tsintsiyar kaba da ke share daɓe cikin minti kaɗan, a nan sai ta riƙa sarƙewa.

Kuma kar a manta, a mafi yawan cinikin gida mai saye yakan turo matarsa ko mahaifiyarsa ko yayarsa su duba ciki kafin ya biya. Su ba sa tayi, amma in suka koma suka ce “gidan ba wurin aiki”, ciniki ya mutu ba tare da dillali ya san dalili ba.

3. Gwada zafinta da tafin hannunka a watan Afrilu.

Kafin ka sayi mita ɗaya, roƙi mai shago ya ba ka ƙyalle kamar faɗin sallaya. Shimfiɗa shi a tsakiyar gida da hantsi, ka dawo bayan azahar ka ɗora hannu, sannan ka ɗora a ƙasar da ke gefensa. Gani ya kori ji.

Ciyawar gaske tana fitar da ruwa ta ganyenta, shi ya sa take da sanyi ko da rana tsaka. Roba ba ta da wannan, zafin take sha ta riƙe. A 2002 masu bincike a Jami'ar Brigham Young da ke Amurka sun auna wani filin ciyawar roba suka samu ya kai digiri 93 a ma'aunin Salshiyos, a ranar da zafin iska bai wuce 37 ba. Wannan shi ne mafi tsananin abin da suka gani, kuma filin wasa ne mai garin taya a ciki, amma ka tuna bazarar ƙasar Katagum tana haura digiri 40 a inuwa. Abin lura ma, wannan kaya ya yi suna ne a 1966 a filin Astrodome na birnin Houston, fili mai rufi wanda ciyawar gaske ta mutu a cikinsa don rashin hasken rana. Mu kuwa rana ce ta yi mana yawa.

Wanda zai fi shan wahala shi ne yaro mai rarrafe da mai tatata, da tsohuwar da ba ta saba sa takalmi a cikin gida ba. Yayyafa ruwa yana sanyaya ta, amma na ɗan lokaci ne, kuma ai gudun ban ruwa ne ya sa aka sayo ta. Da yamma gashin yakan huce da wuri. Simintin ko tsakuwar da ke ƙarƙashi ne ke riƙe ɗumi, a daidai lokacin da gida ke fitowa da tabarmi don kwanan waje.

4. Wuta da roba ba sa zama gida ɗaya.

Garwashi guda da ya faɗo daga kurfoti, ko dutsen guga na gawayi, ko kaskon turaren wuta, ko tukunyar da aka sauke yanzu, kowanne zai narkar da wurin nan take. Da hunturu kuma kowane ɗaki na son kaskon jin ɗumi, ana ratsa tsakar gida da shi. Ƙuna ba ta gyaruwa sai an yanke an yi faci, facin kuwa ba ya sajewa, domin rana ta riga ta koɗar da tsohon. In har da itace ko gawayi ake girki a gidanku, a bar aƙalla taku biyar tsakanin murhu da bakin ciyawar.

5. Yi tunanin tsarki.

Wannan batu ne da mai sayarwa a shago ba zai taɓo maka ba, amma mai sayen gida, musamman in almajiri ne, shi zai fara zuwa masa. A tsakar gida mata ke sallah lokacin zafi, a nan baƙi ke shimfiɗa dadduma. Yaro ya yi fitsari a daɓe ko siminti, a kwara ruwa ya wuce, rana ta busar, magana ta ƙare. A ciyawar roba kuwa ido ba ya ganin inda abin ya sauka, kuma in an shimfiɗa ta a kan siminti marar gangara, ruwan wankin da najasar tare za su kwanta a ƙarƙashi. A mazhabarmu ta Malikiyya kashin akuya da na tunkiya ba najasa ba ne, amma jinin yanka najasa ne, haka ma kashin kazar da ke kiwo a bola. Ko an bar batun hukunci ga malamai, hanci ba ya ƙarya: zarnin da ya shiga ƙarƙashin roba a bazara yana tarar baƙo tun daga zaure. Mai saye ba zai ce maka gidanka na wari ba, kunya ba za ta bar shi ba. Zai ce zai yi shawara, ba za ka sake ganinsa ba.

6. Ruwan sama sai an ba shi hanya.

Mutanen Shira da Disina da Jama'are ba sa bukatar a ba su labarin ambaliya. A watan Agustan 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin ƙaramar hukumar Katagum, gidaje da gonaki da yawa suka salwanta a wannan shiyya. Shi ya sa duk mai hankalin da ya zo sayen gida a nan yakan sunkuya ya duba gindin katanga, ya nemi alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa, ya tambayi ta ina kwata ke fita. Kafet da ya rufe ƙasa daga bango zuwa bango ya hana shi wannan dubawa, kuma abin da mutum bai gani ba mummunan zato yake yi masa.

Ita ciyawar tana da ƙananan huji a bayanta don ruwa ya wuce. Matsalar tana ga abin da ke ƙarƙashi. Aikin ƙwarai shi ne a kwashe ƙasar sama, a daidaita wurin da 'yar gangara, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ta nufi kwata. A zuba tsakuwa kaurin santimita 5 zuwa 8 a daddaɓe ta sosai, a bi da garin dutse ko yashi mai kaifi, sannan a shimfiɗa. Yawancin masu aikin gaggawa ba sa yin ko ɗaya. A kan rairayi suke warware ta su kafa ƙusoshi, ko su shafa gam a kan tsohon siminti. Ta kan rairayi, damina ɗaya ta isa ta lotsa ta yi kwari da tudu. Ta kan siminti kuma ruwa ya rasa mafita ya koma gindin bango, in ginin ƙasa ne ya jiƙa tushe, in na bulo ne fenti ya fara ɓarewa, gishiri ya fito fari. Inda danshi ya daɗe a ɓoye, gara ba ta nisa.

Kada a kuskura a rufe murfin salga ko bakin tsohuwar rijiya da ita don a ɓoye muni. Wannan ya wuce batun ciniki, ganganci ne da rai.

7. Wanda ya ce maka ba ta son kula, bai yi hunturu da ita ba.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ke sauka dare da rana, ta shige tsakanin gashin ta zauna. Kore ya koma ruwan toka. Sai an bi ta da buroshi mai tauri ana tayar da gashin, lokaci-lokaci kuma a wanke da ruwa mai yawa. Ƙurar da ta taru ita ce ƙasar da irin ciyayi ke samu su tsiro da ruwan farko, aya-aya kuwa daga ƙasa take huda ta ta fito. Ƙarangiyar da yara suka kwaso a wando in ta maƙale sai an cire da hannu. Bakin da ya ɗago kuma maɓoya ce ta kunama, don haka a riƙa duba gefe-gefe kafin yara su zauna da magariba.

8. Kada ka sare bishiya saboda ita.

Wannan ita ce ɓarnar da ta fi ba ni takaici. Mai aiki zai ce ganyen darbejiya zai ɓata ciyawar, saiwar mangwaro za ta ɗaga ta, sai maigida ya kira mai gatari. Bishiyar da mahaifinsa ya dasa, ta shekara 20 tana ba gida inuwa, ta tafi a yini ɗaya saboda abin da ba zai kai rabin shekarunta ba. A garin da rana ke dukan kwano tun hantsi, inuwa kuɗi ce a cinikin gida. Dillali da kansa zai ce “ga mangwaro, ga gwaiba, ga zogale” yana ƙara farashi. Ban da haka ma, ciyawar robar a ƙarƙashin bishiya ta fi amfani, ta fi daɗewa. Abin kiyayewa kawai, a bar wa gindin bishiyar fili buɗe, kamar taku biyu ko'ina, don ruwa da iska su samu saiwa.

9. Yi lissafi da biro kafin ka kira mai mota.

Fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya kai kimanin murabba'in mita 465. A ce bayan gini tsakar gidanka ta rage mita 8 da 10, wato murabba'i 80. Naɗin ciyawar da aka fi kawowa faɗinsa mita 2 ne, tsawonsa 25, murabba'i 50 ke nan, don haka naɗi ɗaya ba zai isa ba. Ɗora kuɗin tsakuwa da yashi da gam, da ladan mai aiki wanda wataƙila daga Kano ko Bauchi za ka ɗauko shi, da kuɗin mota. Abin da ya tashi, raba shi da shekarun da za ta yi. Masu ƙera ta kan ce mai kyau tana kai shekara 8 zuwa 15, amma ba da ranar Yana da awakin Yana suka yi lissafin ba. Mai arahar kuwa, siririyar nan da ake shimfiɗawa a wurin biki, ba a yi ta don zaman waje ba sam. Araha ba ta ado.

Kuma kaya ne na shigowa, daga Sin da Turkiyya galibi, farashinsa dala yake bi. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ranar da za ka canja wadda ta tsufa, ba da farashin da ka sayo za ka canja ba. Mai saye ma ya san haka. Shi abin da yake gani a ciyawa mai shekara biyar shi ne kuɗin ɓamɓarewa da kuɗin gyaran abin da ke ƙasa, kuma daga tayinsa zai cire.

Yanzu ka ajiye wannan jimla a gefe ka tambayi kanka me za ta yi a wani wurin. Tankin ruwa a sama da famfo. Ƙara wa rijiya zurfi da ɗaure bakinta. Canja kwanon da ke yoyo. Faifan sola biyu da batir. Yaɓe katanga da ɗaga dokin ƙofa don ruwan titi. Ko kuma takarda: dokar filaye ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da shaidar mallakarsu, kuma gidan da takardunsa suka cika, da sa hannun shaidu da sanin mai unguwa da dagaci, ya fi saurin fita da daraja. Kowanne cikin waɗannan mai saye zai biya shi da daɗin rai. A nan ne kwalliya ke biyan kuɗin sabulu.

10. In ranka ya riga ya biya, ga yadda za ka yi.

Ba na cewa kowa ya haƙura. Mutum na da ikon jin daɗin gidansa, ba don mai saye kaɗai ake gini ba. Zaɓi wuri ƙarami, kamar mita 2 da 3 ko 3 da 4, a baranda, ko ƙarƙashin rumfa, ko gefen sashen maigida inda ake shan shayi da baƙi, nesa da madafa da makewayi da turken dabbobi. Kada a sa gam a ƙasa. A yi mata ɗan kewaye da bulo ko intalok ya danne bakinta, yadda mutum biyu za su iya naɗe ta su kakkaɓe su mayar, kuma in Sallah ko suna ya zo a jingine ta a ɗaki.

Wajen saye, juya bayanta ka ga hujin ruwa da ingancin ɗinki. Ja gashin da yatsa, in ya biyo ka, bar ta. Tanƙwara ta, in ka hango baƙin bayan ta tsakanin gashin, ba ta da cika. Mai tsawon gashi milimita 25 zuwa 35 ta ishi gida, wadda ta fi haka saurin kwanciya take, kuma ta fi riƙe datti. Tambayi ko an yi ta da kariyar hasken rana, a rubuta maka a rasit. Ka sayi ragowar mita ɗaya ka ajiye don faci.

Ka guji kwancen filin ƙwallo da ake sayarwa da araha. Yawanci cike yake da baƙin garin tsohuwar taya, wanda ke ƙara zafi, yara kuma su kai baki. Tarayyar Turai ta zartar a 2023 cewa za a daina sayar da irin wannan garin daga 2031. Abin da masu shi ke shirin rabuwa da shi bai kamata ya sauka inda jariri ke rarrafe ba.

11. Akwai wasu hanyoyin samun tsakar gida mai kyau.

Kiri-kiri ciyawa ce ta ƙasarmu, tana jure fari da takawa, ta bushe da rani ta farfaɗo da ruwan farko. Ɗan fili kusa da wurin alwala, inda ruwa ke zuba sau biyar a yini, ya ishe ta rayuwa. Lalle a jikin katanga shinge ne kuma amfani ne. Intalok ya fi siminti a wajen ruwa, domin yana barinsa ya nutse ta tsakani, kuma in bututu ya fashe a cire a mayar, sai dai shi ma yana ɗaukar zafi in ba inuwa. Daɓen gargajiya, wanda mata ke taruwa su yi da tsakuwa da madaɓi, a bi shi da ruwan makuba, har yanzu ban ga abin da ya kai shi daɗin takawa da bazara ba, illa dai masu iya shi suna ƙaranci kuma yana son sabuntawa. Tsakar gidan da aka raba uku, daɓe ko siminti wajen aiki, ƙasa a gindin bishiya, ɗan kore a gefe, ita ce ba ta ɓata wa kowane mai saye rai.

12. Ranar da ka sa gidan a kasuwa, ɗage ta.

In tsohuwa ce ta koɗe, cire ta gaba ɗaya mako biyu ko uku kafin dillali ya fara kawo mutane, a wanke wurin ya sha rana, a cike ramuka. In sabuwa ce mai kyau, bar ta, amma ka ɗaga kusurwa da hannunka ka nuna wa mai saye abin da ke ƙasa tun bai tambaya ba. In akwai tsagewa ko wurin da ruwa ke kwanciya, faɗa masa a gaban shaidu. Ɓoye aibin kaya haramun ne a ciniki, kuma a fiƙihu wanda ya gano aibin da aka ɓoye masa yana da hakkin neman ragi ko ma warware cinikin, gwargwadon girman aibin. Ƙananan garuruwa irin namu kuma ba a ɓuya: magana za ta je wurin mai unguwa, daga nan ta kai gaban alƙali, kai da mutumin da za ku ci gaba da haɗuwa a masallacin Juma'a.

Kada ka ɗora kuɗin ciyawar a kan farashin gida kana cewa ai ka kashe kaza. Mai saye zai ce, “Alhaji, naɗe abarka ka tafi da ita, a rage min.” Kuma ya fi ka gaskiya. Gara ku yi maganarta daban. A al'adar ciniki abin da aka kafe a gida yana bin gida, abin da ake ɗauka yana bin mai shi, ita kuwa wannan tana tsakani, don haka a rubuta a takardar ciniki ko tana ciki ko ba ta ciki, tun kafin a karɓi kafin alƙalami. Haka ɗan haya: ya nemi izinin mai gida kafin ya shimfiɗa, kuma su yi yarjejeniyar wanda zai gyara tabon gam ranar tashi.

13. Tsohuwar da aka cire, a san inda za a kai ta.

Kada a cinna mata wuta a bayan gida, hayaƙinta guba ne, kuma maƙwabta za su shaƙa. Kada a yar da ita a bola ko a kwata, domin awaki da shanu na cin ɓaɓɓakenta kamar yadda suke cin leda, ta cushe musu tumbi su rame, abin da mahauta ke gani kullum in sun farka ciki. Sassan da ba su lalace ba a yanka su a yi matakin goge ƙafa a ƙofar ɗaki da bakin makewayi, ko shimfiɗar bayan a-kori-kura, ko a ba mai shagon da zai ɗora kaya a kai.